Yadda ake kafa ƙungiyar tarihin gari da tafiyar da ayyukanta

Na yi shekaru ina riƙe da littafin ƙungiyar tarihi ta garinmu, wani ƙaramin gari da ke kan titin Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, kuma matasa daga garuruwan maƙwabta sukan zo su tambaye ni ta ina za su fara. Yawancinsu suna zuwa ne da maganar gina gidan tarihi ko buga littafi, ni kuwa nakan ce musu su ajiye waɗannan tukuna, domin aikin da ba ya jira shi ne zama da tsofaffi a ɗauki muryarsu, kuma duk sauran shirye-shiryen ƙungiya daga wannan ɗaukar suke fitowa. Abin da ke ƙasa shi ne tsarin da muke bi bayan kurakurai masu yawa.

Kayan aiki

Ana bukatar waya mai ɗaukar murya sosai, ko ƙaramar rikoda in da hali, tare da memori na daban wanda ba a zuba masa waƙoƙi ko hotunan biki. Ana bukatar batirin ajiyar caji, saboda wuta takan ɗauke ba sallama, kuma a ƙauyuka ma sai an dogara da sola. Sai filas na kwamfuta, wanda ake kwafe murya a ciki, guda biyu aƙalla, da kwamfuta ko da ta aro ce.

Daga kayan rubutu, a sayi babban littafi mai bango mai kauri guda uku: na rajistar hirarraki, na rajistar kayan da aka karɓa ko aka ara, da na kuɗi. A haɗa da fensir, da fararen takardu, da manyan ambulan, da tsumma mai laushi, da adaka ta ƙarfe mai kwaɗo. Kada a manta da tabarma ko darduma, da goro, da sabulu da sukari da ganyen shayi na gaisuwa. In babu rikoda, waya ta wadatar. In babu kwamfuta, a nemi malamin sakandare ko mai shagon buga takardu da aka amince da shi, a riƙa kwafe aikin a wurinsa duk mako.

Mataki na 1: Haɗa mutanen da za su yi aikin

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa a fara. Abin lura shi ne harsunan da ke bakinsu, domin a garuruwan arewacin Kamaru tsoho guda yakan fara labari da Hausa, ya koma Fulatanci in ya zo kan zancen fada, ya kawo sunayen ma'aikatu da Faransanci, kuma a wasu unguwanni sai da Barbarci, ko Larabcin Shuwa, ko harshen Gidar, Fali, Mundang ko Tupuri. A samu malami guda mai karanta ajami da Larabci, da malamin boko mai rubuta Faransanci, da matashi mai hannu a waya da kwamfuta.

Lallai ne a samu mace aƙalla ɗaya, kuma ba don cika lissafi ba. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida ya zauna da tsohuwa awa biyu, alhali a wurin tsofaffin mata ake samun asalin aure tsakanin gidaje, da labarin yunwa, da waƙoƙin daka da na niƙa. Ƙungiyar da ta zama ta Hausawa zalla ko ta gidan sarauta zalla za ta tara rabin labari, sauran gari kuma su ɗauke ta ta wasu ce.

Mataki na 2: Gaisuwar fada da rajistar hukuma

Kafin a taka ƙofar kowa, a je fada. A bi ta hannun jauro ko lawan na unguwa, ko sarkin Hausawa inda yake, shi zai gabatar da ku ga lamiɗo, wato sarkin gari. A faɗi manufa a taƙaice: «Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka, muna so mu tattara labarin garin nan daga bakin iyayenmu domin 'ya'yanmu.» Sau da yawa fada takan haɗa ku da wani bafade ya raka ku. Ku karɓa da godiya, ya kai ku gidajen farko ya gabatar da ku, amma ku nemi hanyar da za ku riƙa komawa ku kaɗai, domin akwai maganar da talaka ba zai faɗa a gaban bafade ba.

Bayan fada sai hukuma. Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru, mai lamba 90/053 ta ranar 19 ga Disamba 1990, ta tanadi cewa a kai sanarwar kafa ƙungiya ofishin firefe, wato babban jami'in mulki na yankin da mazauninta yake, a bayyana sunanta da manufarta da mazauninta, da sunayen shugabanninta da sana'o'insu da inda suke zaune, a haɗa da kwafi biyu na dokokin ƙungiyar. Za a ba ku takardar shaida, kuma idan wata biyu suka wuce firefe bai ce komai ba, doka ta ɗauki shirunsa a matsayin amincewa. A rubuta manufar a sarari, cewa aikin na tarihi ne da al'ada. Kada jiran takarda ya hana ku fara gaishe da tsofaffi, domin ziyara ba ta bukatar hatimi.

Mataki na 3: Jerin tsofaffi da kalandar abubuwan da suka faru

Ku zauna ku rubuta sunan duk tsohon da ya kamata a ji, ku jera su bisa tsufa da rashin lafiya, wanda ya fi rauni a sama. Kuskuren da kowa yake yi shi ne farawa da manyan mutane masu baki, a bar tsohon mahauci ko tsohuwar ungozoma sai «in an samu lokaci». Mu mun yi haka da wani tsohon direban babbar mota wanda ya yi jigilar auduga shekara da shekaru, muka ɗaga zuwa wurinsa har bayan damina, kafin kaka ta yi mun je gaisuwar rasuwarsa. A sa maƙera, da majema, da masunta, da dillalan shanu, da fataken goro, da maroƙa, da tsofaffin sojoji, da waɗanda suka yi tafiyar Makka ta ƙasa ta cikin Cadi da Sudan.

Tsofaffinmu ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, saboda haka ku shirya takarda guda mai ɗauke da ranakun da aka tabbatar, ku riƙa auna labari da ita. Tamu ta fara da kafa Yola a hannun Modibbo Adama a 1841, sai kashe Rabe a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, ranar da kwamandan Faransawa Lami shi ma ya mutu. Sai yaƙin Jamusawa a Marwa a 1902, da faɗuwar Garwa daga hannunsu a 1915, da miƙa wuyan sojojinsu da ke kan dutsen Mora a 1916. Waɗannan sai dai a ji su ta bakin jikoki. Waɗanda suka fi amfani a hira su ne na kusa: 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960, ƙuri'ar raba gardama ta 1961, haɗewar ƙasa a 1972, isowar jirgin ƙasa Ngawundare a 1974, kwararowar 'yan gudun hijirar Njamena zuwa Kusiri a 1980, saukar Ahmadu Ahijo daga mulki a 1982, wadda ta zo daidai da shekarar kammala madatsar ruwa ta Lagdo, farin 1973 da na 1984, karya darajar sefa a 1994, da ambaliyar 2012. A ƙarƙashin wannan ku ƙara jerin lamiɓe, wato sarakuna, da lawanai da limaman garinku bi da bi. In tsohuwa ta ce an yi mata aure «Ahijo bai daɗe da hawa ba, ina goyon fari aka yi fari», kun samu bango biyu da za ku sa labarinta a tsakaninsu.

Mataki na 4: Ziyarar farko

Ranar farko ba a kunna komai. A je mutum biyu, a yi sallama, a gaisa a tsanake, a miƙa goro, a faɗi ɗan gidan wane ne kai, domin tsoho yana son ya san wa yake ba labari. A bayyana masa cewa za a ɗauki muryarsa, a faɗa masa inda za a ajiye ta da waɗanda za su ji ta, a kuma tabbatar masa cewa yana da ikon cewa a kashe, ko a rufe wani sashe har bayan ransa. A nemi yardar babban ɗansa ko mai gidan, musamman in tsohuwa ce.

Kada a yi alkawarin kuɗi, kuma kada a sa wa hira farashi. Da zarar an biya mutum ɗaya, labari zai zaga gari, kuma za a fara ƙera muku tarihi daidai kuɗinku. Sabulu da sukari da goro gaisuwa ce da kowa ya sani. Maroƙi shi kaɗai ne daban, domin bakinsa sana'arsa ce, ana yi masa kyauta a fili kamar yadda aka saba.

Mataki na 5: Ranar ɗauka

Lokacin da ya fi shi ne da hantsi, bayan an karya kumallo, kafin zafi ya taso, ko kuma bayan la'asar. A guji ranar kasuwa da ranar Juma'a. A watan azumi tsoho yakan gaji da wuri, da damina kuma ruwa a kan rufin kwano yana cinye murya ƙurmus, saboda haka ɗakin ƙasa ko zaure mai rufin ciyawa ya fi. A duba kewaye: injin niƙa, janareto, rediyo, turmi, awaki. A roƙi a rage abin da za a iya ragewa.

A sa waya a alamar jirgin sama domin kira ɗaya yana iya tsinke ɗaukar. A ɗora ta a kan matashi ko naɗaɗɗen zane, kamar kamu biyu daga bakin mai magana, kada a riƙe ta a hannu. In manhajar tana ba da zaɓi, a ɗauka a tsarin WAV, wanda awa guda take cin kimanin megabayit 300 in hanya ɗaya ce, wato mono. In wuri ya yi kaɗan, MP3 mai ƙarfin 128 yana cin kusan 60 a awa kuma ana jin magana sarai. A ɗauki rabin minti na gwaji a saurara kafin a fara. Sannan mai tambaya ya buɗe da faɗin kwanan wata, da gari da unguwa, da sunan mai ba da labari, da sunansa shi kansa, ya kuma tambaya a cikin ɗaukar: «Baba, ka yarda mu ɗauki wannan hira mu ajiye?» Amsar da ya bayar da bakinsa ita ce shaidarku, ta fi sa hannun wanda ba ya karatu.

A fara da abin da ya sani fiye da kowa, wato kansa: inda aka haife shi, sunan uwa da uba da kakanni, daga ina suka zo, me ya kawo su, wace sana'a ya tarar a gida. Tambaya ta zama mai buɗe baki. «Inna, yaya kasuwar nan take lokacin kina budurwa?» ta fi «Ashe kasuwar a bakin rafi take?», domin ta biyun kun sa mata amsa a baki, kuma tsofaffi saboda kara sukan ce «haka ne» don kada su kunyata baƙo. Tambayar da ba a barin ta a kowane labari ita ce: «Da idonka ka gani, ko faɗa maka aka yi? Wa ya faɗa maka?»

Abu mafi wuya ga sabon hannu shi ne yin shiru. Akwai wata tsohuwa da abokiyar aikinmu ta tambaya game da yunwar 1984. Ta ba da amsa gajeriya, ta yi shiru tana murza bakin zanenta, har mai rubutu ya ɗaga kai zai jefa wata tambayar, aka taɓa ƙafarsa ya fasa. Can sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙaramin kwano da fentinsa ya goge, ta ce da shi take auna wa gida duka tsaba sau ɗaya a yini, ta lissafa mutum nawa ke ci, ta faɗi ganyayen da suke haɗawa da ita da inda suke tsinko su. Rabin awa ta yi tana magana da kwanon a cinyarta. Da an katse wannan shirun, da ba mu ji ko ɗaya ba.

Na biyun da ke tare da mai tambaya aikinsa rubutu ne: sunayen mutane da wurare yadda aka furta su, da abin da murya ba ta nunawa, kamar in tsoho ya nuna gabas ya ce «can». Kada a gyara wa mai magana kuskure ko da kun tabbata ya rikita shekaru, a rubuta a gefe kawai. Kada a bar 'ya'ya da maƙwabta su cika wurin, domin za su fara amsawa a madadinsa. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa, a tsaya in an kira salla, a sake dawowa wata rana. Zama na biyu kusan kullum ya fi na farko, saboda tsohon ya kwana yana tunawa. A ƙarshe a nemi izinin ɗaukar hotonsa, a tambaye shi wa kuma ya kamata a gani.

Mataki na 6: Kwafewa da rubutawa

A daren ranar, ba gobe ba, a kwafe muryar wuri uku: kwamfuta, da filas da ke cikin adakar ƙungiya, da filas na biyu da ke wani gida daban. Mun taɓa rasa hirarraki na wata guda cur saboda an zare wayar ɗaya daga cikinmu a tashar mota, kuma biyu daga cikin tsofaffin ba su sake samun lafiyar zama ba. Tura murya ta WhatsApp ba ajiya ba ce, domin in waya ta ɓace ko aka share saƙo ta tafi.

A ba kowace ɗauka lamba da suna iri ɗaya: shekara, wata, rana, sannan lambar mai magana. A shigar da ita a rajista tare da harshen da aka yi, da tsawonta, da jerin batutuwa da mintin da kowanne ya fara, da duk sharaɗin da mai maganar ya gindaya. Wannan jerin batutuwa shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi wa kowace hira. Rubuta ta kalma da kalma aiki ne mai cin rai, awa guda ta magana takan ci mini yini guda, saboda haka a fara da mafiya muhimmanci. A rubuta da harshen da aka yi maganar, yadda aka faɗa, ba tare da gyara Hausar tsoho ta koma ta littafi ba. Fassara zuwa Faransanci ta zo a takarda daban.

Mataki na 7: Tantancewa

Kowane gida yana ba da labarin kafuwar gari ta inda kakansa zai fito gaba. Wannan ba ƙarya ba ce da za a kama mutum da ita, haka gado yake tafiya. Aikinku shi ne ku ji labari ɗaya daga gidaje uku da ba su da alaƙa, ku rubuta inda suka haɗu da inda suka rabu, kowace ruwaya da sunan mai ita. Jerin sarakuna yakan tsallake wanda aka tuɓe ko wanda bai daɗe ba, kirarin maroƙa kuma yakan adana sunan da fada ta manta.

A gwada da abin da aka rubuta. Marigayi Eldridge Mohammadou ya yi shekaru yana zagaya fadojin arewacin Kamaru yana tattara ruwayoyin baka, kuma ana samun ayyukansa ta hannun malaman sashen tarihi a jami'o'in Ngawundare da Marwa. Takardun zamanin Turawa suna gidan adana takardu na ƙasa a Yawunde da Buya, amma kafin a yi nisa a tambayi ofishin su-firefe, wato jami'in mulki da ke ƙarƙashin firefe, da tsohuwar makarantar firamare, da mishan in akwai, ko suna da tsofaffin rajistoci.

Akwai batutuwa uku da ke iya rusa ƙungiya a yini ɗaya: asalin bauta, rikicin sarauta, da iyakar gona. A ɗauka in mai magana ya kawo su da kansa, a ajiye, amma kada a karanta su a taro ko a sa a rediyo da sunan wani gida. Za a zo muku a ce ku ba da murya a kai kotu ko fada a matsayin shaida. Ku rubuta tun farko a dokokinku cewa ba a fitar da hira sai da yardar mai ita ko magadansa.

Mataki na 8: Takardu, hotuna da kayan gado

Ƙa'idarmu ita ce mu ɗauki hoto mu bar wa mai abu abinsa. Iyali sun fi sakin jiki su buɗe gafaka in sun san ba za ta bar zaurensu ba. A shimfiɗa farin zane a inuwa mai haske, a wanke hannu a shanya shi sarai, domin tawadar gargajiya da ƙaro ake haɗa ta kuma danshi kaɗan yana narkar da ita. A kashe fitilar waya, a ɗauki kowane shafi daga sama a miƙe, gaba da baya, har da bango da gefen da aka yi ƙananan rubuce-rubuce.

Littattafan malamanmu warwara suke, ba ɗinki, saboda haka a juya ganye ɗaya bayan ɗaya, a kife shi a gefe bisa tsari. In sun riga sun hargitse, a duba kalmar da marubuci yakan sa a ƙasan shafi, ita ce kalmar farko ta ganye na gaba. A ƙarshen littafi a nemi inda mai kwafe ya rubuta sunansa, wani lokaci da shekara. In shekarar Hijira ce, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622, za a samu ta Miladiyya da kuskuren da bai wuce shekara guda ba: 1320 takan ba da 1902.

Kada a manna salatif a takardar da ta yage, kada a kai ta a like ta da leda a inji, kada a yi mata rubutu da biro. Na ga wasiƙar fada da wani mai kyakkyawar niyya ya lulluɓe da salatif, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya zama ruwan ƙasa ya ɗauke rubutun. A sa takarda a tsakanin fararen takardu biyu a cikin ambulan. Tsofaffin hotuna kuwa a kai wa tsofaffi su faɗi su wane ne a ciki, a rubuta a baya da fensir a hankali. Katin haraji, da rasit na sayar da auduga, da takardar shaidar makaranta, da fasfon aikin hajji, duk suna ɗauke da kwanan wata, kuma sun sha warware mana gardama.

Abin da aka ba ƙungiya kyauta a rubuta shi a rajista a gaban shaidu biyu. Adaka ta hau kan duwatsu ko benci, nesa da bango, saboda gara. A buɗe ta a duba a farkon damina da ƙarshenta, a kuma share ƙurar hunturu da tsumma busasshe.

Mataki na 9: Mayar wa gari abin da aka tara

In mutane ba su ga amfanin abin ba, za su ce kun kwashe labarin iyayensu kun sayar wa Turawa. Abu na farko, kowane gida da aka yi hira da tsohonsa a ba su kwafin murya da hoto guda da aka wanke.

Shirin da ya fi karɓuwa a wurinmu shi ne daren hira, sau ɗaya a wata biyu, bayan lisha, a filin makaranta ko ƙofar fada. Ana zaɓar batu ɗaya, misali tsohuwar kasuwa ko zuwan mota ta farko, a saka guntayen murya na minti biyar biyar a lasifika, a bar jama'a su ƙara ko su musa, rikoda kuma tana kunne, domin daga gardamar ake samun sababbin sunaye. A tanadi wurin zaman mata, in ba haka ba su tsaya daga nesa su koma. Taron jama'a a fili yana bukatar a sanar da su-firefe aƙalla kwana uku kafin ranar, kuma a garuruwan kan iyaka inda tsaro ya yi tsanani gara a mayar da shi bayan la'asar.

Na biyu shi ne zagayen gari da 'yan makaranta, wanda muke yi a makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu, lokacin da sanyi bai gama tafiya ba. Wuri biyar ko shida sun isa: tsohuwar rijiya, maƙera, marina, masallacin farko, kufan kasuwa. A kowane wuri tsohon unguwar ne zai yi bayani. A gargaɗi yara kada su ɗauki hoton bariki ko shingen jami'an tsaro. Malamai sukan ba su aikin gida su tambayi kakanninsu sunan kakanninsu, kuma wasu daga cikin mafi kyawun hirarrakinmu daga takardun yaran nan muka gano masu su.

Baje kolin hotuna ya fi dacewa da Salla, ranar hawan dawakai, lokacin da 'yan gari mazauna Yawunde da Duwala suke gida. A rataye kwafi, kada a fito da na asali, a sa bayani da Hausa da Fulatanci da Faransanci, a ajiye littafi kusa domin wanda ya gane wani a hoto ya rubuta. In akwai gidan rediyon al'umma kusa, a nemi kwatan awa ɗaya a mako. Littafi kuwa ya jira sai an shekara uku ana tarawa, kuma a fara da ɗan ƙarami a kan batu guda.

Mataki na 10: Kuɗi da miƙa amana

Kuɗin wata kaɗan da kowa zai iya biya ya fi babbar gudummawar mutum ɗaya, domin mai ba da kuɗi da yawa yakan so a fara tarihin gari daga gidansu. Lokacin zaɓe 'yan siyasa za su zo da alkawari, a karɓi gaisuwarsu a bar sunan ƙungiya daga fastocinsu. Ma'aji ya karanta shiga da fita a kowane zama, kuma kuɗin ya tafi kan man babur, da filas, da wanke hotuna, da goro.

Mabuɗin adaka ya zama biyu a hannun mutum biyu. Sau ɗaya a shekara, mu mun zaɓi makon da ke bayan babbar Salla, a zauna a buɗe kowane filas a saurari hira biyu ko uku don a tabbatar suna nan, a sayi sabo a sake kwafewa in ɗaya ya fara gardama, a gwada rajista da abin da ke cikin adaka ɗaya bayan ɗaya. A wannan zaman ne ake sabunta jerin tsofaffi, a cire waɗanda suka riga mu gidan gaskiya tare da yi musu addu'a, a ƙara waɗanda shekaru suka kawo, sannan a haɗa kowane sabon ɗan ƙungiya da tsohon hannu su fita hira uku tare kafin a ba shi rikoda shi kaɗai.